Farin Kambi a Ƙofar Oleta

Haney Gap, Alabama
11 ga Fabrairu

'Yata Jonelle,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, in dai har yanzu kina gidan da na sani. Na faɗi haka ne don wata biyar ke nan ban ga rubutunki ba. Ni kam lafiya lau, sai gwiwa, sai kunne. Likita ya sake ba ni na'urar ji, na ajiye ta a aljihun tebur kusa da ta farko, don tana mayar da muryar mutane kamar ana kankare tukunya. Saboda haka kada ki ce kin buga waya ban ɗauka ba. Kin san ba na jin ta. Mai son magana da ni ya nemi biro.

Goggonki Imogene tana gaishe ki. An yi mata aiki a ciki, ta warke, bakinta ma ya warke har ya fi da. Miss Dovie maƙwabciyata ta cika tamanin da huɗu, kuma har gobe ba motar da za ta bi layinmu ba ta ɗaga labule ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Adon Kaburbura ta cocinmu bana ta faɗo Lahadi ta uku a watan Mayu, sha tara ga wata. Watan gobe mahaifinki zai cika shekara uku a ƙasa, kuma sau uku ana yin ranar ba ki tako ba. Kowane kabari ana share shi, a kafa masa fure, 'ya'ya da jikoki su tsaya a kansa, sannan a jera abinci a inuwa. Kabarin Hoyt Pruitt ni kaɗai nake tsayawa a kai, kamar bai haihu ba. Mutane ba sa cewa komai. Da ma su faɗa, da ya fi sauƙi.

Na san abin da za ki ce, wai na yi miki maganar wando a gaban jama'a ranar jana'iza. Na yi. Mace ba ta zuwa binne ubanta da wando, kuma a makare. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ke kuwa daga harabar coci kika faɗa mota, ko gidan ba ki leƙa ba.

Imogene ta ce 'yarta Twila ta gani a kwamfuta kin kama ƙulla kambin ƙofa da ragar roba, irin manyan zobban adon nan masu kumbura da mata suke ratayawa yanzu kamar bikin da ba ya ƙarewa. Mace mai shekara arba'in da ɗaya, da aikinta a hannu. Ban ce zunubi ba ne. Cewa na yi wanda ya sami lokacin ƙulla raga ya sami lokacin rubuta wa uwarsa layi biyar.

Ki rubuto ko za ki zo.

Mahaifiyarki,
Oleta Pruitt

Dayton, Ohio
3 ga Maris

Mama,

Takardarki ta zo, na gode. Ina lafiya, ina nan ɗakin wanki na asibiti, ina nan gidan da kika sani. A gaishe da Goggo Imogene. A ce wa Twila sannu da aikin leƙen asiri, Allah ya ba da lada.

Ba sana'a ba ce. Na daina shan taba ranar ɗaya ga Nuwamba. Na sani, shekara ashirin kina faɗa, ba sai kin maimaita ba. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, baki yana haƙura amma hannu ba ya jin an daina. Wata abokiyar aikina, Bernadette, ta ga ina cin farce har jini, sai ta kawo mini zoben ƙarfe da naɗin raga ta ce, "Ungo, ba yatsun nan aiki kafin ki cinye su."

Ga yadda ake yi. Zoben biyu ne a haɗe, na ciki da na waje. Ana ɗaura 'yan maɗaurai a jikin zoben, siraran ƙarafa masu gashi-gashi. Sai a tattaro raga a hannu, a kumbura ta, a murɗe ta cikin maɗauri, a wuce na gaba har a zagayo. A baki ba wuya. Amma ragar tana yakushi kamar kyanwa, in kin sake ta sai ta naɗe ta koma inda ta fito, gefen da aka yanka kuma ya yi ta zarewa. Gam mai zafi ya ƙone ni wuri huɗu. Garin ƙyalƙyalin da ke jikin ragar kuwa har cikin man shanu na same shi. Na farkon da na yi, Bernadette ta juya shi ta sake juyawa ta ce, "Wace tsuntsuwa ce ta gudu ta bar wannan?" Duk da haka sai awa uku ta wuce ban tuna da taba ba.

Zancen Mayu, ba na jin zan iya. Hutuna kaɗan ne, kuma gaskiya, Mama, ba na son in yi tuƙin awa takwas don a zo a duba ni daga sama har ƙasa. Amma na yi wa Baba kambi, shuɗi da rawaya, launin tsohuwar motarsa da hularsa. Shi ne na bakwai da na yi. Kwalin zai biyo bayan takardar nan. Ki kafa masa a madadina.

Taki,
Jonelle

Haney Gap
20 ga Maris

'Yata Jonelle,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, na shuka wake da tumatir, gwiwa ta biya kuɗin. Na ji kin bar taba. Madalla. Da kin ji magana tun farko da ba a kai ga bari ba.

Kwali ya iso ranar Juma'a. Kin san shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar riguna ina duba ɗinki kafin ya fita, kuma ba rigar da ta taɓa wuce gabana da zare a waje. Ba zan fara rufe ido yau don aikin na 'yata ne ba.

Launi ba laifi, na gane motar. Amma kumburin gefen hagu sun fi na dama girma, alamar kin fara da kuzari kin ƙare da gajiya, yadda kike yin komai tun kina ƙarama. Ƙarfe yana leƙowa wuri uku. Gefen raga ya zare a ƙasa. Ribom ɗin, ƙyallen adon da kika ɗaura masa, ya karkata, kuma gam ya bar zare kamar saƙar gizo. Kabari ba wurin koyon aiki ba ne. Matan gidan Tidwell suna zagaya makabarta ranar nan suna karanta furen kowa kamar jarida, kuma ba zan so su tsaya a kan sunan ubanki suna taɓa juna ba.

Saboda haka jiya na kwance shi. Na jera komai a kan teburin cin abinci, raga gefe, maɗaurai gefe, ribom na goge shi. Zan sake ɗaure shi yadda ya kamata. Wadda ta duba kwalar riga dubu ba zoben raga ne zai gagare ta ba. In an tambaya zan ce daga gare ki ya zo, kuma gaskiya ce.

Amma raga ba ta tsaya wa mutum a kabari. Kin ce awa takwas. Mahaifinki ya yi awa takwas ɗin nan zuwa, ya yi takwas dawowa, a rana ɗaya, ranar da ya kai ki da kayanki kina da shekara sha tara, kuma ban ji ya ƙirga ba. Ki sake tunani.

Mahaifiyarki,
Oleta Pruitt

Haney Gap
17 ga Afrilu

Jonelle,

Ina gaishe ki. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru, ba akasinta ba. Sati huɗu ke nan. Kullum ƙarfe sha ɗaya ina zuwa akwatin wasiƙu, ba na samun komai sai takardun masu tallan maganin gwiwa. Ni lafiya. An yi ruwa da iska ranar Alhamis, reshe ya faɗo a kan rumfar mota, ba ɓarna.

Kambin mahaifinki yana nan a kan tebur. Sati huɗu ina cin abinci a tsaye a kicin.

Sau huɗu na ɗaura, sau huɗu na kwance. Na farko raga ta ƙare ban kai rabin zobe ba. Na biyu na matse ta, ya fito a shafe kamar an zauna a kai. Na uku ban san me ya faru ba. Ragar yanzu ta gaji, duk inda aka taɓa murɗa ta ta karye, zare kuma yana bin rigata har coci. Hannuna duk karce.

Shekaranjiya Miss Dovie ta shigo ba sallama, kamar yadda ta saba, ta tarar raga ta naɗe ni har gwiwar hannu. Ta tsaya ta dogara da sandarta ta ce, "Oleta, kamun kifi za ki?" Na ce aikin Jonelle nake gyarawa. Ta ce, "Ai na ga na Jonelle ranar da ya zo, kyakkyawa da shi. Wannan fa na wane ne?" Na ce ta je ta duba tukunyarta. Ta ce, "Tukunyata lafiya take, ban kwance ta ba."

Ban ce na yi kuskure da na faɗi gaskiya ba. Kumburin hagu sun fi na dama, wannan ba ya canzawa. Sai dai kambi mai karkata ya fi wanda yake warwatse a kan tebur, kuma saura wata ɗaya. Ki gaya mini abu biyu. Daga zoben ciki ake farawa ko na waje? Kuma inci nawa kike bari tsakanin maɗauri da maɗauri?

In kuma kin yanke shawarar daina rubuto mini ne, to ki rubuto ki faɗa. Mutum ba ya barin uwarsa tana zarya a bakin titi.

Mahaifiyarki,
Oleta Pruitt

Dayton
6 ga Mayu

Mama,

Ina lafiya. Ban koma taba ba, ko da yake ranar da na karanta takardarki ta Maris sai da na kai har bakin kanti.

Kwana tara na yi a kan kambin Baba. Gefen dama ya fi ƙanƙanta ne don a nan na tuna yadda yake fito in yana wanke motar, na daina ganin abin da nake yi. Shi kika kwance kika goge.

Amsarki. Daga zoben waje ake farawa. Inci goma. Ki yanki kwali mai tsawon haka ki riƙa aunawa, kada ki yarda da ido. Kada ki ja ragar, ba ɗinki ba ne, ki bar ta ta kumbura da kanta. Na sa miki sabon naɗi shuɗi a kwalin nan, tsohon ya mutu.

Akwai wani kambin a ƙasan kwalin. Shi ne na goma sha biyu, kuma ban taɓa yin kamarsa ba. Fari ne tas, raga fara, ribom fari, fararen furanni. A nan irinsa ake yi wa amare. Na duba shi da idonki har sau uku. Na ƙofarki ne, ƙofar gaba.

Sharaɗi ɗaya. Kada ki taɓa shi. Kada ki ƙara, kada ki rage, kada ki rubuto mini aibinsa. Ki rataye shi yadda yake, ko ki mayar mini. In ya dawo na fahimta, ba sai mun sake wahalar da mai kawo wasiƙu ba. Ba fushi nake yi ba, Mama. Na gaji ne.

Jonelle

Haney Gap
Talata, 14 ga Mayu, ƙarfe huɗu na yamma

'Yata Jonelle,

Ina gaishe ki, kuma ina sanar da ke ina nan da raina da lafiyata. Yau wannan ya zama labari a Haney Gap.

Kwali ya zo jiya. Kin ce kada in rubuto aibinsa. Ba shi da aibi. Na kai shi taga na juya shi, ban ga ƙarfe ba, ban ga zare ba, kumburi duk kai ɗaya. Abin da zai biyo baya labari ne, ba gyara ba.

Ko kin manta, ko ba ki taɓa lura ba. A nan farin kambi a ƙofar gaba abu ɗaya yake nufi. Mutanen gidan jana'iza, masu sana'ar shirya gawa, su ne suke kawo shi su rataye ranar da aka yi mutuwa a gida, don mai wucewa ya rage gudu, mata kuma su ɗora tukunya. An rataya mana ranar da Hoyt ya tafi, ya yi kwana biyar. Ba ki gan shi ba don ba ki zo gidan ba.

Na daɗe zaune da shi a cinya. Na ce ko ƙofar baya, amma gaba kika ce. Na ce ko in ɗaura masa ɗan jan ribom, amma kin ce kada in ƙara. Mayarwa kuwa na karanta abin da take nufi. Yau ƙarfe takwas na safe na rataye shi. Ƙusar tana nan inda suka buga ta.

Ba a yi rabin awa ba, ina shara a falo, sai ga Miss Dovie ta banko ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya. Ta gan ni ta dafe ƙirji.

"Oleta Pruitt! Ke ce?"

"Da wa kike tsammani?"

"To wa ya mutu? Ke kaɗai ce a gidan nan!"

"Ba wanda ya mutu."

"To cire abin can kafin ki kashe wani. Saura kaɗan ki fara da ni."

Na ce 'yata ce ta yi, kuma ba zai sauko ba. Sai a nan ta ce ai kafin ta tsallako titi ta riga ta buga wa mutum uku. Kin san ukun Miss Dovie.

Imogene ta iso da gashi a naɗe, tana kuka tun daga mota, rungume da kek ɗin kwakwa da ta ciro daga firiza. Ta gan ni a baranda, ta ajiye kek ɗin a hankali, ta rungume ni, sannan ta maka mini jaka a kafaɗa. Ta ce, "Ko mutuwa sai kin yi ta a hanyarki, ke kam!" Fasto Cleve ya zo da baƙar kwat, ya tsaya a matakala hula a hannu, ya dubi kambin ya dube ni. Can ya ce, "'Yar'uwa Oleta, har na fara tsara abin da zan faɗa a kanki." Na ce ya karanto in ji, in da gyara a yi tun ina nan. Ya roƙe ni in sauke kambin ko don masu ciwon zuciya. Na ce a'a, amma zan yi abu ɗaya. Na jawo kujera na zauna a gefen ƙofa inda duk mai wucewa zai gan ni. Tun ƙarfe goma ina nan. Mota ta rage gudu, in ɗaga mata hannu, ta ƙara gudu. Takardar nan ma a kan cinya nake rubuta ta.

Duk da haka kwano goma sha ɗaya ya shigo. Soyayyar kaza uku, burodin masara, wake, dankali da cuku. Lurleen Tidwell, wadda na mayar wa da riguna sun fi ɗari a masana'anta, ita ta fara kawo nata, idonta jawur. Ta daɗe tana kallon kambin ta ce, "Wa ya yi wannan? Na gidan jana'iza bai kai shi ba." Na ce Jonelle. Na faɗa da ƙarfi, don ban san iyakar muryata ba yanzu.

Ba zan ce abin da na yi daidai ne ba. Na tayar wa mutanen kirki hankali, kuma zan amsa wannan a gaban Ubangiji. Amma na auna biyun, na ɗauki wanda zan iya ɗauka. Gobe ma zan zauna a nan.

Bai dawo miki ba, kuma ba zai dawo ba.

Mahaifiyarki,
Oleta Pruitt

Kicin ɗinki
Laraba da safe

Mama,

Kina lambu, ina hango ki ta taga. Rubutawa nake yi don abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne, in na faɗa yadda za ki ji, Miss Dovie ma za ta ji. Na ga takardarki a kan firiji da kan sarki a manne, na buɗe, tunda sunana ne a kai.

Jiya ƙarfe goma ina naɗe zannuwan gado Twila ta bugo tana kuka, ta ce an ga kambi a ƙofarki. Ban ma tambayi wane kambi ba. Na buga gidan nan sau shida. Na bar zannuwan a ƙasa na shiga mota da kayan aiki a jikina. Na tsallaka kogi na shiga Kentucky kafin Goggo Imogene ta same ni. Ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yar nan, tana nan daram, ga ta tana gaya mini sukari ya yi yawa a kek." Sai ta gaya mini wane kambi ne.

Awa ɗaya da minti ashirin na yi ba ni da uwa. Duk tsawon hanyar abu ɗaya nake ji, layin nan da na rubuta na mai kawo wasiƙu. Na tsaya gidan mai, na sayi kwalin taba, na zauna ina kallonsa. Hanyar komawa Dayton ta fi kusa nesa ba kusa ba. Ban juya ba. Tabar tana mota, ba a buɗe ba, ki jefar da kanki, na san za ki ji daɗi.

Da na iso da yamma kina kan kujerar nan gefen ƙofa. Na ga idonki ya sauka a kan wandona. Na ga bakinki ya motsa. Sai kika ce, "Kin ci abinci?" Na gani, Mama.

Da ina da niyyar in yi miki faɗa don ba ki gaya mini ba. Sai na tuna ni na hana.

In kin shigo, mu share teburin nan mu ɗaure na Baba. Ke ki riƙe kwali ki auna, ni in murɗa. Farin kuma zan sa masa rawayan ribom babba, wanda za a hango daga titi, don ki tashi daga barandar nan. Ni na yi shi, ni zan gyara.

Na buga wa asibiti, ina nan har Lahadi. Ban zo da siket ba.

Jonelle

Haney Gap
3 ga Yuni

'Yata Jonelle,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, na kuma gode da katin da kika aiko cewa kin sauka lafiya. Ni lafiya. Tumatir ya fara nuna. Na mayar da kwanuka goma sha ɗaya, kowanne da abu a ciki, don ba a mayar da kwano wayam. Imogene har yanzu ba ta gama huce ba, amma ta karɓi nata.

Na je makabarta ranar Asabar. An yi ruwa sau biyu tun tafiyarki, kambin mahaifinki yana nan tsaye, bai zare ba. Na matan Tidwell iska ta kai shi jikin shinge. Ban yi murna ba, na dai lura. Kin tsaya a kan kabarin ubanki da wando karo na biyu, a gaban coci duka, ban ce komai ba. Ina so ya zama a rubuce cewa ban ce komai ba.

Na ƙofa yana nan da rawayan ribom ɗinsa. Motoci sun daina rage gudu. Miss Dovie ta ce in tambaye ki ko za ki yi mata ɗaya, kowane launi ban da wancan farin.

Na ciro na'urar ji daga aljihun tebur. Har yanzu kankarar tukunya ce, amma ki buga ranar Lahadi bayan an tashi sujada. In ban ɗauka ba ki sake bugawa. Wannan ba ya nufin ki daina rubutu. Kuma kada ki ce don kin bar taba sai ki kama alawa, na ga takardunta a motarki.

Kwali zai biyo bayan takardar nan. Kambi ne, da ragowar shuɗin da kika bari na yi shi, kwana shida. Daga zoben waje na fara, na auna inci goma da kwali, ban ja ba. Duk da haka ya karkata hagu, kuma ƙarfe yana leƙowa wuri biyu. Na gani, ba sai an nuna mini ba. Da a masana'anta ne da ban bar shi ya fita ba.

Na ƙofarki ne, ƙofar gaba. Ki rataye shi yadda yake.

Mahaifiyarki,
Oleta Pruitt